Baitin Ƙarshe a Murfin Akwati

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ni da yayana, a kan babur ɗin Baba. Bai tayar da shi a ƙofar gida ba. Tura shi ya yi har muka wuce masallacin unguwa, domin Inna ta ce ba ta son jin ƙarar daga cikin ɗaki. Tun rasuwar Baba a bazarar bana babur ɗin yake jingine a zaure. A da, duk wanda ya ji ƙararsa a unguwarmu ya san malamin Arabiyya ya dawo daga makaranta, Inna kuwa da ƙarar take sanin lokacin kwashe tuwo.

Tana cikin takaba, ko ƙofa ba ta rako mu ba. A bakin ɗakinta ta rataya mini gafakar Baba a wuya, ta ja gefen mayafina ta rufe ta, ta ce, "Ki karanta mashi sannu, ban da gaggawa irin taku ta boko. In kin kai ga ƙarshe, ki riƙe mani shi ga kai, ki zo mani da shi."

Ga abin da ke cikin gafakar. Baba ya yi shekaru yana rubuta waƙar bege guda ɗaya da ajami. A zuriyar malaman da ya yi karatu a hannunsu, ɗalibi ba ya sakin waƙa. Ba a kwafe ta, ba a rera ta a taro, sai malaminsa ya saurare ta daga farko har ƙarshe ya yi izini. Malamin Baba yana wani ƙauye gaba da Kebbe, a hanyar Fakku, tsufa ya kama shi, idanunsa sun tafi. Baba ya gama waƙar a gadon jinya, ya bar wasiyya a kai masa ita. Ni aka zaɓa in karanta, don ni ce na saba da hannun Baba, na kuma san karin da yake rera ta da shi. Farkonta ma na haddace ba da niyya ba, saboda yakan yi ta gunguninta in yana wanke babur. Amma takardun ƙarshe babu wanda ya taɓa karantawa. Lokacin da yake rubuta su tawadarsa mai kyau ta ƙare, ba shi da ƙarfin haɗa wata, sai Inna ta dafa masa irin ta allo, ta gawayi da ƙaro, wadda take yi wa yaran gida. Ranar da ya ajiye alƙalami ya ce mata, "Na sa ki ga ƙarshe." Ta tambaye shi me ya rubuta a kanta a ƙarshen waƙar. Ya yi murmushi ya ce ta bari sai Malam ya ji. Ita ce ta naɗe takardun da farin kallabinta kafin a sa su a gafaka.

Wani zai ce me ya hana mu jira kaka, ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Saƙo ne ya zo cewa jikin Malam ya yi rauni, ni kuma hutun kwaleji ba ya jira.

Kwalta ba ta raka mu da nisa ba. Muna barin babban titi muka faɗa jar hanya, babur ya fara rawa. A bayana akwai akwatin Baba na alminiyam, ɗaure da ƙusoshi a kan kariyar babur ɗin, shi na jingina da shi. Wani Bature mai aikin titi ne ya sayar masa da shi sa'ad da zai koma ƙasarsu, kuma babu abin da Baba yake alfahari da shi kamarsa. Yakan ce da za a jefa akwatin nan a gulbi, da ya isa Yawuri cikinsa a bushe. A ranar mun cika shi da tsarabar Malam: sukari, gishiri, goro, sabulu, ga kuma sifanu da famfo da kayan faci. Sanyin ƙarfen yana ratsa mayafina, ina jin sa a tsakiyar baya kamar tafin hannu.

Gari ya waye mana a tsakiyar gonaki. Gero ya wuce kan mutum, dawa tana biye da shi, ƙasa duk ta yi kore har ido ya gaji. Gawo ne kaɗai ya tuɓe ganyensa ya tsaya fari fat a cikin wannan shagali, kamar shi ma an yi masa rasuwa. Na daɗe ina waiwayen wani guda ɗaya har yayana ya ce in zauna daidai kada in kayar da mu.

Hanyar ta canza daga yadda na san ta ina ƙarama. Kusan kowane ƙauye akwai sabon ginin firamare, wani an yi rufi, wani bulo ne kawai a jere ciyawa ta fito a tsakani. Mun wuce wata babbar mota cike da siminti ta kafe a laka har ciki, lebarorinta suna zaune a kan buhuna suna cin gyaɗa, direban yana barci a ƙarƙashin tsamiya. Daga ganin tokar murhun da suka kafa, ba ranar suka kafe ba. Wani manomi ya rataye rediyo a reshen sabara yana noma shi kaɗai da kalme, wato fartanya, mai labarai yana ta zuba Hausar Kano ga gero. Da muka tsaya yayana ya duba sarƙa, manomin ya ce 'ya'yansa uku duk suna Sakkwato wajen aikin gini, sun aiko masa da rediyo ta riƙa taya shi hira. "Ta iya magana," in ji shi, "sai dai ba ta riƙa kalme."

Da hantsi muka sha fura a gindin wata kuka. Bafulatanar ta ce na sule ne. Yayana ya ce bara a nan ya sha na sisi har ya rage. Ta ce bara shanu ba su ji labarin man fetur ba, bana sun ji. Nonon mai kauri ne, da ɗan tsami, da ƙamshin hayaƙin ƙwarya. Na sha kaɗan na bari. Tun rasuwar Baba komai mai daɗi sai in ji kamar na ci rabon wani.

A nan wani mutumin Jabo ya tarar da mu, babur ɗinsa ɗauke da akurkin kaji har ba a ganin kansa sai ya leƙo. Ya ji inda za mu, ya dubi gabas, ya dubi gafakar da ke ƙirjina, ya ce in takarda ce a ciki mu san dabara, yau sama ba ta da niyyar alheri ga matafiyi. Muka duba. Can ƙasan gajimare ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Mun isa Kebbe rana ta kusa tsaka. Garin yana cikin hidimarsa, jakuna da shanun huɗa da babura suna rabon hanya ɗaya. A bakin kasuwa ana sayar da burodi da kifin gwangwani da madarar gari kusa da masu daddawa da kuka. Fetur a kwalabe ake sayar da shi, kuɗinsa kusan ninkin na Tambuwal, mai sayarwa kuma bai yarda a yi ciniki ba, wai shi ma a kansa ya ɗauko shi. Muka tsaya a rumfar wani mai gyaran babur, dattijo mai ɗan gemu, don a ƙara iska. Kafin ya dubi fuskokinmu akwatin ya duba.

"Wanga ai akwatin malamin Arabiyya na," ya ce. "Ina shi? Ya kwan biyu bai biyo ba."

Yayana ya gaya masa. Dattijon ya yi salati, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ashe duk zuwan da Baba yake yi wajen malaminsa a nan yake tsayawa, ya yi alwala a bayan rumfar, su taɓa hira.

Shi muka yi wa bayanin damuwarmu. Gafaka a wuya ba za ta tsira daga ruwan da ke tafe ba, ga kuma gulbi a gaba. Akwati ne mafita. To amma takardun cike suke da sunan Allah da salatin Annabi, ba a ɗora musu komai a kai, balle gishiri da sifana. Yayana ya ce a shimfiɗa su a saman kayan. Dattijon ya girgiza kai, ya ce hanyar gulbi ba ta barin na sama a sama, kafin mu yi nisa famfo zai hau kansu. Aka ce a fitar da tsarabar a ɗaure a waje. Sukari da gishiri a cikin ruwa kuwa, sai dai mu kai wa Malam labarinsu. Muka yi tsaye cirko-cirko. Ni ce na lura da murfin. A buɗe yake, cikinsa yana da ɗan zurfi kamar faranti, babu komai a ciki. Na ce, da za a samu abin da zai riƙe su a nan, ai babu abin da zai hau kansu.

Dattijon ya auna zurfin da yatsa. Gafaka ba za ta shiga ba, allunan da ke danne takardun ma sun yi kauri, amma takardun a cikin kallabinsu za su zauna. Ya leƙa rumfar baduku da ke maƙwabtaka da shi, suka yanko maɗauri biyu na jar fata, masu faɗin yatsa biyu, kowanne da ƙarfen ɗamara a tsakiya. Za a gicciya su a cikin murfin, a kafe bakunansu huɗu. Kafewar ce ta tsayar da mu, don sai an huda ƙarfen.

Yayana ya shafa murfin ya ce, "Da Baba na nan, da ya kore mu duka ukun."

"Da shina nan, da shi ka riƙe mani guduma," in ji dattijon. "Akwati da takarda, wane yaf fi so?"

Ya kwance murfin, ya kifa shi a kan guntun icce, ya sa alama da gawayi. Alminiyam ba shi da taurin kai, bugu biyu uku ƙusa take fasa shi, amma kowane bugu a ƙirjina na ji shi. Ya goge bakin ramukan da zarto don kada su ci fata. Sa'an nan ya yanko 'yan ƙananan faifai daga robar cikin taya, ya sa ɗaya a ƙarƙashin kan kowace ƙusa don ta toshe hanyar ruwa. Gajerun ƙusoshi ne masu laushi, irin waɗanda masu gyaran tukwane suke kafa mariƙi da su, a zura daga waje, a daki bakin daga ciki har ya baje ya danne fatar. Ya ce da akwai lokaci da ya narka kwalta ya ɗiga a kan kowace, amma hura wuta da jiran ta huce zai ci mana abin da ya rage na rana, robar ma ta isa. Ya zuba ruwan buta a kan murfin ya gwada. Ko ɗigo bai ratsa ba.

Aka mayar da murfin. Dattijon ya wanke hannu har gwiwa, amma duk da haka bai taɓa takardun ba, ya ce in sa da kaina. Na fitar da su daga gafaka a cikin kallabin Inna, na kwantar da su a cikin murfin yadda aka koya mini tun ban san harafi ba: farko a sama, inda sunan Allah yake, ƙarshe a ƙasa. Na ja maɗauran na ɗaure. Suka zauna daram, ko motsi babu. Yayana ya rufe, ya girgiza babur ɗin da ƙarfi, muka ji sifanu suna ƙara a ƙasa, sama shiru. Rabon da in ji sanyi a raina irin na lokacin tun kafin jinyar Baba.

Hanyar da ta fita daga Kebbe zuwa gulbi ba hanya ba ce, sawun shanu ne da ramukan da ruwa ya haƙa. Haƙorana suna haɗuwa, akwatin yana dukan bayana. Ba mu yi nisa sosai ba iska ta taso, gero ya kwanta gefe ɗaya kamar sahun masu ruku'u, sai ruwa ya sauko gaba ɗaya, babu yayyafin gargaɗi. Muka ruga wata ruga da ke gefen hanya. Wata tsohuwa ta ja ni cikin bukkarta, yayana ya raɓe a bakin ƙofa. Babur ɗin ba shi da wurin shiga, akwatin kuma a kafe yake a kansa, buɗe shi a cikin wannan ruwa kuwa ganganci ne. Ta ƙofar bukkar nake hango shi, ruwa yana dukan murfin yana tarwatsewa fari, kawunan ƙusoshin nan huɗu suna ƙyalli. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, ni ma Fulatancina na gaisuwa ne. Ta dube ni, ta dubi inda nake kallo, ta miƙo mini busasshen zane. Na tuna Baba da maganar Yawuri, na kwantar da raina.

Sai bayan la'asar aka ɗauke. Gulbin ya cika ya yi ja, yana tafe da rassa da kumfa. Mai jirgin ya ce kuɗin babur na mutum biyu ne. Yayana ya tambayi dalili. Ya ce don in jirgi ya karkata mutum yana taya shi addu'a, babur kuwa nauyi kawai ya iya. Maza huɗu suka ɗaga shi suka kwantar a tsakiya, ni na zauna kusa da akwatin na dafa murfinsa har muka haye. Tsuntsayen ruwa farare suna tashi daga ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin yamma mai kyau irin wannan ba, kuma na ji haushin kyanta.

Ana kiran magariba muka shiga ƙauyen Malam. Gida ne na ƙasa mai faɗin zaure, alluna jingine a bango, ƙamshin hayaƙi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Aka yi mana maraba, aka yi mana gaisuwar rashi. Kafin in shiga wajen mata na ce wa yayana ya buɗe akwatin in ɗauki amanata.

Fuskar kallabin fari tas, a bushe. Na kwance maɗauran na ɗago shi, sai na ji bayansa da sanyi. Na juya. Baƙin tabo ne, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, ya bazu kamar hadarin da muka baro. Yayana ya haska murfin da tocila. Uku daga cikin ƙusoshin lafiya lau. Ta huɗun, girgizar hanya ta tsaga robarta, ruwa ya yi ta bin ta ɗigo ɗigo. A nan ne muka ga abin da mu uku muka tsaya a kai a Kebbe ba mu gani ba. Murfi in ya rufu kifewa yake yi. Farkon waƙar da na ɗora a sama, wanda na haddace, wanda ko ya jiƙe zan iya mayar da shi, shi ne ya koma ƙasa ya tsira. Ƙarshenta, mai tawadar allo, shi ne ya kwana manne da ƙarfe a ƙarƙashin ƙusa.

Yayana ya kashe tocilar ya fita. Ban bi shi ba. Matan gidan suka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da kifi, suka yi ta lallashina in ci. Uwargidan Malam ta karɓi takardun da suka jiƙe ta shimfiɗa su a kan faifai nesa da wuta, ta ce kada in duba sai da safe, ido mai hawaye ba ya karatu.

Da rana ta fito aka kira ni zaure. Malam yana zaune a kan buzu, ɗan ƙaramin tsoho, fari, idanunsa a buɗe suna kallon wani wuri sama da kanmu. Manyan ɗalibansa suna gefe, mata suna bayan asabari. Na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam."

"Ke ce ɗiyar tashi mai boko?" ya ce. "Ya ce mani kin fi shi murya. To, mu ji in gaskiya yaf faɗi."

Na fara. Bayan baitocin farko karin ya ɗauke ni. Ban san haka waƙar take ba. Na san guntayenta, kamar wanda ya san gida ta leƙen katanga, ranar nan ne na shiga ciki. Baba mai kunya ne, bai taɓa yi mana maganar zuciyarsa ba, ashe nan ya zuba ta. Malam yana kaɗa kai a hankali. Wani wuri ya ce in maimaita. Wani wuri ya yi dariya ya ce, "Nan ya yi mani sata, ni nag gaya mashi wagga magana bakin rijiya." Da na zo wani baiti inda Baba yake cewa shi matafiyi ne mai ƙaramin guzuri, rana ta yi yamma, gari da sauran nisa, sai Malam ya ɗaga hannu na tsaya. Ya share fuska da gefen rawaninsa, ya ce in ci gaba.

Takardun suna raguwa a hannuna. Na shiga masu tawadar allo, inda rubutun ya fara karkacewa saboda ciwo. Ta kusa da ƙarshe gefenta kawai ya jiƙe, na iya karanta ta. A cikinta ya yi wa iyayensa addu'a, ya yi wa Malam, ya ambace mu 'ya'yansa. Sai ta ƙarshe. Layi ɗaya ne ya tsira a samanta, na karanta shi:

"Saura wadda ta dafa mini tawada,"

Daga nan babu komai sai toka-toka, kamar sama bayan ruwa. Na ɗaga takardar ga hasken ƙofa ko sawun alƙalami zai nuna. Bai nuna ba.

"Mi ya tsai da ke?" in ji Malam.

Yayana ne ya amsa daga bakin ƙofa. Ya faɗi komai, hadari da murfi da ƙusa, yana ɗora wa kansa laifi, wai shi ya ƙi jiran a narka kwalta. Malam ya miƙo hannu na ba shi takardar. Ya shafa ta da yatsunsa, ya bi inda ta yamutse, ya kai ta hanci ya sansana.

"Tawadar allo ta," ya ce. "Ba a yi ta don ta daɗe ba."

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, kai ka san shi, ka san bakinsa. Ko za ka cika mana?"

"Ɗiyata, ƙaƙa nika cika abin da ban ji ba? Abin da ke tsakanin mutum da matarshi, malami bai da hannu ciki." Ya juya wajen muryar yayana. "Kai kuma bar cin kanka. Da kun sa ta ƙarƙashin gishiri, da ta iso lafiya, ni kuwa da ban ji daɗin zuwanku ba. Kun ɗaukaka ta, Mai ita ya ɗauki abin da yaka so."

Ya yi izini. Ya ce a kwafe ta, a rera ta, amma duk mai kwafewa ya tsaya a wannan layin, ya bar sauran shafin fari, kada wani ya ƙara ko harafi. Aka shafa addu'a. Aikin da ya kawo mu ya yi, wasiyyar Baba ta cika. Amma ni saƙo biyu na ɗauko daga gida, kuma ɗaya ne ya isa.

Washegari muka juyo. Gulbin ya ɗan janye, rana ta buɗe, hanya ta yi sauƙi kamar ba ita ba. A Kebbe dattijon ya taso da murna yana tambaya ko maɗauran sun riƙe. Yayana ya ce sun riƙe ƙwarai, sai dai ƙusa ɗaya tana ɗan yoyo. Bai ƙara ba. Dattijon ya dubi fuskata, bai sake tambaya ba shi ma. Ya hura wuta, ya narka kwalta a gwangwani, ya ɗiga a kan ƙusoshin huɗu ɗaya bayan ɗaya, muka zauna muka jira har ta huce. A wannan karon na kife takardun kafin in ɗaure su. Babu ko ɗigon ruwa a hanya har Tambuwal.

Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake juyawa. Na san karin, na san kalmomin da Baba yake so, baiti biyu ba za su gagare ni ba, kuma Inna ba ta karatun ajami. Har na fara jera su a zuci wajen gawon nan mai takaba. Da na kai layi na biyu sai na ji muryata ce ba tasa ba, na bari.

Yayana ya kashe babur tun daga masallaci, muka tura shi zuwa gida. Inna tana zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, da tasbaha a hannu. Ta tambayi jikin Malam, ta tambayi hanya, ta ji an yi izini ta yi hamdala. Sa'an nan ta zuba mini ido. Na durƙusa na gaya mata yadda aka yi, na rera mata layin nan guda da karinsa, na tsaya inda ya tsaya.

Ta ce in sake. Na sake.

"Ina kallabina?" ta ce.

Na warware shi daga takardun na ba ta. Ta buɗe shi a cinyarta, ta daɗe tana kallon baƙin tabon. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauko ƙaramar ƙwaryar da take wanke wa yara rubutun allo a ciki, ta zuba ruwan randa, ta tsoma wurin tabon ta murza shi a hankali da yatsu, har ruwan ya yi baƙi, kallabin ya yi haske. Ta fuskanci gabas, ta yi bisimilla, ta shanye. Ɗan abin da ya rage ta shafa a fuska da ƙirji.

"To," ta ce, "ya iso. Ku shiga ku ci abinci."

Masu hawan babur da ke karanta wannan, in za ku kafa maɗauri a murfin akwati, ku jira kwalta ta huce komai gaggawarku, ku kuma tuna abin da ke sama in an buɗe shi ne a ƙasa in an rufe. Wannan shi ne abin da zan iya koya wa wani. Sauran abin da tafiyar ta koya mini ban gama gane shi ba tukuna. Na fita ina zaton aikina shi ne in tsare magana daga ruwa, na dawo na tarar wadda aka yi maganar dominta ba ta taɓa buƙatar in karanta mata ba.

Ɗaliban Malam sun aiko da kwafin farko a makon jiya, shafin ƙarshe fari ne ban da layi ɗaya a sama. Babur ɗin yana hannun yayana yanzu, da shi yake zuwa aiki, kuma Inna ta ce ya riƙa tayar da shi a ƙofar gida. Maɗauran nan biyu suna nan a cikin murfin, a gicciye, ba ya sa komai a ciki.